Igiyar Sarki da Akushin Malam Jibo

An ce a can bakin hamada, inda ruwan sama yake zuwa da gaggawa ya koma da gaggawa, an yi wani sarki da ba abin da yake so kamar a kira shi mai adalci. Yana da wata igiyar kaba da yake ji da ita fiye da dokinsa. Da ita yake auna fili, da ita yake raba gado, har mutanen gari suna raɗa cewa da zai yiwu da barcinsa ma ya auna da ita.

Da jama'a suka yi yawa, gonaki suka yi kaɗan, sai sarki ya raba tsaunin da ke bayan gari ga magidanta. Aka ja igiya a gicciye, kowa ya sami tsawo ɗaya da faɗi ɗaya, wasu a ƙoli, wasu a tsakiyar gangare, wasu a gindi. Sa'an nan aka yi shela: tunda an ba kowa daidai, duk wanda gonarsa ta kasa ci da gidansa rago ne, a ƙwace ta, a fitar da shi daga gari.

Kaka ta yi, na gindin tsauni suka cika rumbu. Wani bawan Allah mai suna Nomau, wanda rabonsa ya faɗa can ƙoli, ya sauko da damin da bai isa akuya ta yi murna ba. Ya rantse hauya biyu ya karya a gonar, ba wanda ya saurare shi. Sarki ya ce ya tattara iyalinsa ya bar gari bayan Jumma'a. Abin ya ba kowa tausayi, amma wa zai ja da igiya?

Akwai wani tsoho, Malam Jibo, shi ya koya wa sarki karatu tun yana yaro, shi kaɗai ne kuma yake iya yi masa ba'a ya kwana lafiya. Ya zo fada da akushi uku a rufe, ya roƙi sarki da waziri su shiga ciki su ci tuwonsa.

Sarki ya ce, "Malam, kafin mu ci, gaya mini, tsakanin ni da igiyata wa ya fi adalci?"

Malam ya ce, "Igiya, ya sarki. Ita ba ta taɓa yanke hukunci a kan abin da ba ta taɓa da jikinta ba. Amma a auna akusan nan tukuna, kada a cuci wani."

Sarki ya ji daɗi, ya auna bakin kowane akushi, ya ga daidai suke. Malam ya ce, "To, duk wanda bai ƙoshi ba ragon ci ne, a fitar da shi daga ɗakin nan."

Sarki dai mutum ne mai son tuwo. Ya naɗe hannun riga, ya zurma hannu da ƙarfinsa, sai yatsarsa ta ci karo da dutse. Ashe wani faffaɗan dutse ne a ciki, an shafe shi da tuwo. Waziri ya fara dariya da loma a baki, sai aka ji ƙas! Ya tauna tsakuwa. Malam kuwa yana ta kai loma, tuwonsa har gindin akushi. Miyar ma a faranti ɗaya take, ya ɗan tokare gefensa, duk ta gangaro wajensa.

Sarki ya tashi yana yarfe hannu. "Malam, wannan wace irin cuta ce?"

"Ya sarki, kai ka auna. Ko igiyar ce ta yi ƙarya?"

Malam ya suɗe yatsunsa a natse, sa'an nan ya ce, "Akushinka shi ne ƙolin tsauni. Ƙasar can fata ce kawai a kan dutse, zurfinta bai wuce yatsa ba, saiwar gero ta sauka ta rasa wurin zuwa. Na waziri shi ne tsakiyar gangare: ƙasa da tsakuwa a gauraye, a ƙarƙashi kuma farar ƙasa ce mai tauri wadda ko ruwa ba ya keta ta. A ci dai, amma da lura. Nawa shi ne gindi, jigawa mai zurfi, ka haƙa har ƙugu ba ka taɓa dutse ba. Ka san daga ina ta zo? Duk ruwan da aka yi sai ya kwaso ƙasar sama ya sauke a ƙasa, kamar miyar nan. Geron da ke cikin rumbunan na gindi, ya sarki, a kan ƙasar Nomau ya tsiro. Ƙasarsa ta riga shi barin gona, ga shi yanzu kana so ya bi ta."

Waziri, yana dafe da kumatu, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni dai na gamsu tun a lomar farko."

Kunya ta kama sarki ƙwarai, don ya ga saura kaɗan ya kori mutum saboda laifin dutse. Washegari ya hau tsaunin da ƙafarsa, yana haki, yana caka sanda a ƙasa. A gonar Nomau sandar ta yi ƙara tun kafin ta shiga. Ya dubi tafin hannun Nomau, ya ga duk ya yi kanta saboda noma, ya ce, "Ka yafe mini. Ba inda za ka."

Nomau ya durƙusa, hawaye na zuba, ya ce, "Ranka ya daɗe, na yafe. Hauyata dai nake roƙo a duba."

Sarki ya yi dariya, ya sa maƙera su ƙera masa sabuwa. Ya sa aka sake rabon tsaunin, wannan karon aka ja igiya daga ƙoli zuwa gindi, kowane gida ya sami nasa dutsen, tasa tsakuwar, da tasa jigawar. Aka kuma jera duwatsu a gicciye don su riƙe ƙasar da ta rage a sama.

Igiyar kuwa bai yar da ita ba, sai dai ya ɗaura mata sanda a baki. In baƙo ya tambayi dalili, sai ya nuna masa farcensa da ya ƙi komawa daidai tun da ya ci karo da dutsen akushin Malam, ya ce, "Wanda ya auna tsawo da faɗi ya manta zurfi, zalunci ya raba daidai."