Labule Biyar, Ɗaya Gajere

Shehinmu, Allah ya ƙara masa yarda, malami ne mai zurfin ilimi da tsantseni, wanda ya shekara arba'in yana karantarwa a ƙaramin masallacinmu na birnin Toledo a Amurka ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ni kuwa, Loretta Haskins, shekara talatin da ɗaya ina koyar da lissafi, ba na rubuta abin da ban gani ba.

Da 'yata ta rasu, jikokina biyu, Tavion da Nyla, suka dawo hannuna. Gidan da nake haya na tsofaffi ne, kuma a dokarsa yaro ba ya wuce kwana goma sha huɗu. Jami'ar kula da yara ta ce in Juma'a ta yi ban samu gidan da namiji zai samu ɗakinsa, mace nata ba, za a ba baƙi riƙonsu. Wasiƙa tara na rubuta wa hukuma, ko ɗaya ba a amsa ba. Nyla har ta daina cire takalmi a cikin gida, tana jiran a zo a tafi da su.

Ran Talata na je wurin Shehu na faɗa masa komai. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Hajiya, ajiye biron nan. Je ki ɗinka labule biyar, ɗaya gajere."

"Allah gafarta Malam, a bishiya zan rataya su?"

"Ki dai ɗinka."

Na ɗinka ina hawaye. Ran Alhamis da hantsi sai ga Odell Pruitt, tsohon mai askin unguwarmu, Kirista, wanda ko gaisawa bai taɓa yi da Shehu ba.

Ya ce, "Malama sarkin faɗa, gwiwata ta ƙi matakalar gidana, zan koma wurin ɗana. Ki shiga gidana, ki riƙa ba ni abin da kike biya a nan. Ba na son 'yan haya, amma ke ko ƙusa tsoronki take ji."

Tagogin gidan biyar ne, ta kicin gajera. Ran Juma'a jami'ar ta leƙa ɗakunan, ta sa hannu, ta tafi ita kaɗai.

Amma hukuma ta sani ban yafe ba. Kakanni nawa ne a garin nan aka karɓe wa jikoki saboda ɗaki ɗaya? Ina jiran amsa a rubuce, kuma a gyara dokar.

Allah ya ɗaukaka darajar wannan bawa nasa, ya ja kwanansa, ya sa albarkarsa ta kai ga kowace kaka da Juma'arta ke matsowa.