Ranar Da Makafi Suka Zo Kallon Zaki

Akwai wata baiwar Allah da ta shekara goma sha ɗaya tana yankar tikiti a ƙofar wani gidan zoo. Ɗan akurkin ɗaki ne mai taga ɗaya, fankarsa ma sai an zungure ta da biro take juyawa. A haka ta daure ta yi karatun yamma, har aka mayar da ita sashen ilimantarwa, wato masu zagayawa da 'yan makaranta suna yi musu bayanin dabbobi.

Sai dai na gwaji ne, wata shida. In shugaban sashe bai sa hannu a takardarta ba, tagar tikiti za ta koma. Sunan ma bai bar ta ba, kowa Anti Tikiti yake ce mata.

Shi kuwa shugaban sashen, Mai Kwat ake kiransa a bayan ido, don ko rana za ta narka kwalta ba ya cire kwat. Ya yi karatu, wannan ba mai ƙwace masa. Amma girman kai, jama'a! Bai taɓa gaida masu kula da dabbobi ba, wai warin keji suke yi. In zai gifta su sai ya toshe hanci da hankici. Ni dai irin wannan hali yana ƙona min rai.

Saura sati uku gwajinta ya ƙare, tana gyaran durowa ta ci karo da wasiƙu uku daga wata makarantar makafi. Duk roƙo ɗaya ne: a ba ɗalibansu rana su zo zoo. Ko ɗaya ba a amsa ba.

Ta kwashe su ta kai masa. "Yallaɓai, waɗannan fa?"

Ya kwashe da dariya. "Makafi a zoo? Su kalli me? Ke ma dai da neman magana kike."

"Yallaɓai, yara ne. Tunda suka rubuto har sau uku, suna so ne."

"To, uwar tausayi, ki gayyace su. Amma zan kira Darakta ya tsaya ya gani da idonsa. In yaran nan suka yi tsuru-tsuru suka koma ba su ƙaru da komai ba, ba zan sa hannu a takardarki ba. Kin yarda?"

Ta tuno tagar nan da zafinta. Amma ta kalli wasiƙun, ta ce, "Na yarda."

Da ta gaya wa maigidanta, sai da ya ajiye cokali. "Haba, Maman yara! Saura sati uku ki haye, me ya kai ki?"

"Ba faɗa na zo nema ba. Zauna, kai ne ɗalibina."

Ta ɗaure masa ido da ɗankwalinta, ta fara bayani yadda ta saba. "Wancan mai dogon wuyan da kuke gani..."

"Wanne? Ni duhu nake gani."

"To, ku dubi launin jikinsa..."

"Maman yara, da me zan duba? Da gwiwa?"

Yaransu suna ta birgima don dariya. Cikin minti biyar ta ce "ku duba" ya fi sau goma. Ashe duk bayanin nata a kan yatsa yake tafiya, in an hana ta nuni ba ta da abin faɗa. Ranar sai da ta yi ƙwalla a kicin.

Washegari ta nufi wurin mutanen da Mai Kwat ke toshe wa hanci. Dama tun tana taga take gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta san wanda matarsa ta haihu da wanda ciwon baya ke damu. Ta faɗa musu matsalarta ba kwana-kwana.

Wallahi kamar jira suke. Mai kula da macizai ya kawo mata saɓar mesa, doguwa har tana jan ƙasa. Mai tsuntsaye ya kawo gashin jimina da ɓawon ƙwanta. Aka samo ƙayar beguwa da ƙoƙon kunkuru. Mai raƙumin dawa ya yanko igiya daidai tsawon dabbarsa, ya ƙulla ƙulli a inda wuya ya fara.

Baba Mai Zaki, dattijon da ya shekara talatin yana ba zaki nama, ya miƙa mata dunƙulen gashin gezar zaki da ya tsinto a jikin waya. "Ungo, 'yata. Amma ki sani, zakin nan ba ya ruri don baƙi. Sai ya ga dama."

Ta kuma kafa wa kanta doka ɗaya. A gaban kowane keji, kafin ta ce uffan, kowa zai yi shiru na minti ɗaya, babba da yaro.

Ranar ta zo. Motar makaranta ta sauke ɗalibai ashirin da huɗu da malaminsu, kowa da farar sandarsa. Darakta ya fito, Mai Kwat yana gefensa yana murmushin mugunta.

A ɗakin taro aka fara. Ƙwan jimina ya bi hannu-hannu, wani ɗalibi ya ce, "Anti, ƙwai ne wannan ko tukunya?" Aka shimfiɗa igiyar tsawon raƙumin dawa a ƙasa, suka bi ta da ƙafa suna ƙirga taku. Da suka kai ƙulli aka ce musu yanzu wuya ya fara, sai ihu ya tashi.

Akwai wata yarinya a cikinsu, 'yar shekara goma sha uku, 'yan ajinsu suna ce mata 'Yar Tambaya. Bakinta bai huta ba. Me ya sa saɓar maciji ba ta da nauyi? Beguwa tana soke 'ya'yanta? Anti Tikiti tana amsawa, wanda ba ta sani ba ta tura wa mai kula da dabbar.

Sai aka zo wurin da kowa ke ɗoki, kejin zaki. Gogan naku yana kwance a can ƙurya, ya juya musu baya.

Aka yi shirun minti ɗaya. Ba ruri, ba motsi. Aka shiga na biyu. Yara suka fara mutsu-mutsu, Darakta ya kalli agogo.

Mai Kwat ya matso ya raɗa mata, "Ki sa a buga ƙarfen kejin ya tashi mana, ko ki fita kunya."

Ta san in an buga zai zabura ya yi ruri, yara su yi ihu, ita kuma ta tsira. Amma tsoratar da dabba ne, abin da kullum take hana 'yan makaranta. Ta ce, "A'a, yallaɓai. Za mu jira shi."

Can sai zakin ya miƙe. Ya fara kai da kawowa a kan siminti, busassun ganye suna ƙara a ƙarƙashin ƙafarsa. Wurin ya yi tsit.

'Yar Tambaya ta ɗaga hannu. "Anti, zaki ƙafa nawa gare shi?"

"Huɗu."

"To wannan uku yake takawa sosai. Ta huɗun lallaɓa ta yake yi."

Mai Kwat ya yi tsaki. "Shirme! Lafiyarsa ƙalau, ga shi muna kallonsa."

"Wallahi gaskiyarta," in ji wani ɗalibi. "Ta baya ce." Wasu biyu suka ce su ma sun ji.

Baba Mai Zaki ya tsuguna a jikin waya, ya rufe ido, ya kasa kunne. Da ya miƙe, sai ya ce wa Darakta, "Ranka ya daɗe, yarinyar nan ta yi gaskiya. Kwana uku yana rage nama, na rasa dalili."

Nan take Darakta ya sa aka kira likitan dabbobi. Baba ya jawo zakin bakin waya da tsokar nama, likita ta durƙusa ta haska tocila. Farce ne ya lanƙwashe ya shige masa tafin ƙafar baya, wurin har ya fara ruwa. Ta ce da an ƙara sati ba a gani ba, da labari ya sha bamban.

Shi kuwa zaki, da ya ga an tsaya leƙe ba a sakar masa naman ba, sai ya buɗe baki ya saki ruri. Kai! Har a ƙirji aka ji shi. Yara suka ƙanƙame juna, can kuma suka ɓarke da sowa da tafi, wasu har da tsalle.

Darakta ya sunkuya gaban 'Yar Tambaya. "'Yata, wane irin kunne Allah ya ba ki haka?"

"Ranka ya daɗe, kunnena irin naku ne. Ku ne dai ba kwa yin shiru."

Darakta ya yi dariya har da riƙe ciki. Malamin yaran ya yi godiya, ya ƙara da cewa, "Sau uku muna rubutowa, ranka ya daɗe. Har mun fid da rai."

Dariyar Darakta ta ɗauke. Ya juya ya kalli Mai Kwat. "Sau uku? Ina wasiƙun suka tsaya?"

Mai Kwat ya shiga in-ina, gumi yana tsattsafo masa ta wuyan riga.

Darakta ya ce, "Je ka ɗauko takardar matar nan. Yanzu."

A gaban masu kula da dabbobi kaf Mai Kwat ya sa hannu, ya ɗora takardar a kan murfin bokitin naman Baba don ba tebur a wurin. Darakta ya sa nasa a ƙasa, ya ce daga yau duk Laraba ta ɗalibai irin waɗannan ce, kuma ita ce mai shirin, ba mai sa mata baki.

Anti Tikiti ta rungume takardar ta fashe da kukan murna. Masu kula da dabbobi suka kewaye ta suna tafi, Baba yana ta faɗin, "Kin haye, 'yata, kin haye!"

Da motar makaranta ta tashi, yara ashirin da huɗu suka leƙo ta taga, kowa yana rurin zaki iya ƙarfinsa. Har motar ta sha kwana ana jiyo su.

Darasi: Kada ka yanke wa mutum hukuncin abin da zai iya saboda abin da ya rasa, kada kuma ka raina na ƙasa da kai a wurin aiki, domin ranar tsanani su ne za su tsaya maka. Wanda ya yi haƙuri ya ƙi bin gajeriyar hanyar da ba ta dace ba, Allah ba ya kunyata shi. In labarin nan ya taɓa maka zuciya, tura wa 'yan uwa da abokan aiki, musamman mai ganin ya fi kowa.