Sarkin Aska Barmo da Warin Shekaru

A zamanin da mutum da aljan ke cin kasuwa ɗaya ba wanda ke tambayar wani asalinsa, an yi wani birni mai ganuwa bakwai da ƙofa goma sha ɗaya, ana kiransa Birnin Marmaro. Sarkinsa shi ne Hamdanu ɗan Zaharaddin, giwa mai tafiyar ƙasaita, wanda ba a ɗaga ido a dubi fuskarsa balle a kai mata hannu. Mutum ɗaya tak a faɗin ƙasar ke da ikon ya kama kan sarki ya juya shi dama da hagu, ya ce masa sunkuya ya sunkuya, shi ne Sarkin Aska Barmo ɗan Jatau jikan Nagoma, na bakwai a jerin wanzaman gidansu. Dogo ne, siriri, mai farin gemu da sanyin hannu. Shekara arba'in da ɗaya yana yi wa sarki aski kowace safiyar Juma'a, bai taɓa ƙwarzanarsa ba ko sau ɗaya.

Wata Juma'a, Barmo ya shimfiɗa zabirarsa a gaban karaga yana wasa aska, sai bokan fada, wani gajere mai jajayen idanu da ake kira Maitsani, ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, shiru ya kai inda zai zama cin amana. Akwai wani wari da ke tashi daga jikin Sarkin Aska, fadawa duk sun ji, kunya ce ta ɗaure musu baki. Na duba na gani, warin ƙasa ne. Aljani ya sa masa hannu, kabarinsa na kiransa, kuma duk kan da askarsa ta taɓa, kiran zai koma kansa."

Barmo ya dubi fadawa ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ya yi wa 'ya'yansu askin suna, ya ga kowa ya sadda kai. Sarki ya ja rawaninsa ya rufe ƙeya, ya ce, "Barmo, na ba ka kwana arba'in. Ka zo mini da gaskiyar wannan al'amari. In ba ka zo da ita ba, aska ta bar gidanku."

Barmo ya koma gida. Ya shiga ɗaki ya shinshina hannunsa, ya shinshina rigarsa, bai ji komai ba. Ya kira matarsa Gwamma, wadda suka yi shekara hamsin tare, ya ce, "Gwamma, don girman Allah ki faɗa mini, ina wari?"

Gwamma ta zauna a bakin gado tana murza gefen zaninta. Ta ce, "Maigida, ya kai shekara biyu. Ba ɗoyi ba ne, kuma ba warin gumi ba ne. Kamar tsohon man shanu ne da ya daɗe a tandu. Yana wuyan rigarka, yana matashinka. Na wanke na wanke, ya ƙi fita. Na rasa bakin da zan faɗa maka."

Wannan magana ta fi ta boka yi masa ciwo, domin ta bakin masu magana, bakin da ba ya maka ƙarya shi ke sa ka kuka. Ya tuna jariran da askarsa ta taɓa cikin shekaru biyun nan, ya ji tsoron kada kiran kabarin ya koma kansu. Sai ya buɗe zabira ya ciro wani baƙin ƙaho da gidansu suka gada, wanda aljanu suka ba kakansu na farko ladan askin sunan ɗansu, da alkawarin duk jikan da ya busa shi a bakin tsohuwar rijiyar gabas, hanyar fadarsu za ta buɗe masa. Da hantsi ya yi sallama da Gwamma, ya je ya busa. Ruwan rijiya ya rabu biyu, matakala ta bayyana, ya yi bisimilla ya sauka.

Kwana tara yana tafiya a wata ƙasa mai jan yashi da koriyar rana, kafin ya isa Birnin Almiski, birnin da ganuwarsa ta itacen sandal ce, magudanansa na ruwan wardi, hayaƙin turare ya rufe samansa har tsuntsu ba ya ratsawa. Mutanen birnin farare ne, ƙosassu, masu ado, amma babu rijiya ko ɗaya a garinsu, domin sun yi watsi da wanka tun zamanin kakanninsu, turare suke zubawa a kan turare. Sarkinsu Ambaru ya ji labarin Barmo, ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce, "Dattijo, ai ka zo gida. Abin da hanci bai ji ba, babu shi." Ya sa aka tsoma shi da tufafinsa a kwatarniya bakwai ta turare iri bakwai. Barmo ya fito yana murna, ya yi godiya, ya ɗauki hanya. Bai yi nisa ba rana ta buɗe, gumi ya karyo, kansa ya shiga sarawa kamar ana daka a ciki, ƙudan zuma suka bi shi runduna-runduna. A bakin wani rafi ya tarar da wata tsohuwar aljana tana shayar da awakinta. Ta toshe hanci ta ce, "Bawan Allah, wa ya yi maka wannan mugunta? Ai ka zama kamar wanda ya binne tsohon kitse a lambun furanni." Barmo ya faɗa rafin ya dirje jikinsa, ya zauna a kan dutse ya yi kuka irin na tsofaffi, marar sauti. Tsohuwar ta tausaya masa, ta nuna masa hanyar fadar Sarauniya Marjanatu, shugabar aljanun ƙarƙashin ƙasa.

Tsakaninsa da fadar akwai wani rami mai zurfin da in an jefa dutse ba a jin faɗuwarsa, gadarsa kuwa ƙarfe ce guda, siririya, mai kaifi, an kafa ta baki sama. Jarumai da yawa sun taka ta da gudu ta raba su biyu. Barmo ya tsuguna ya dube ta, ya ga ai aska ce, shi kuwa da aska tare suka tsufa. Ya san ba dannawa ke sa ta yanka ba, ja ne. Ya yanka fatar da yake wasa aska a kai gida biyu, ya ɗaura a tafin ƙafafunsa, ya riƙa ɗaga ƙafa yana ajiyewa a gicciye, a hankali, ba ya ja ko kaɗan, har ya haye.

Fadar Marjanatu ta lu'ulu'u ce da jan yaƙutu, ginshiƙanta dubu, kowane ginshiƙi da aljani mai fukafuki tsaye a gindinsa. Barmo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya nuna ƙaho, ya ce, "Ranki ya daɗe, uwar masu ɓoye, ba dukiya na zo nema ba, ba kuma tsawon rai ba. Na zo in ji wanne ne cikin bayinki ya sa mini hannu, da laifin da na yi masa. In mutuwata ce, na karɓa. Amma a cire kiran daga kan jariran da na aske."

Sarauniya ta dube shi da idanu masu kama da garwashi, ta ce, "Jikan Nagoma, amsa tana da sharaɗi. Mahaifina Ƙandamu, wanda ya mulki wannan ƙasa shekara dubu uku, ya kulle kansa a hasumiya shekara ɗari, ya hana kowa kusantarsa. Wanzami goma sha biyu na aika, duk ya jefo su ta taga. Ka aske shi, in ba ka amsarka."

Aka kai shi hasumiya. Ɗakin duhu ne, tagoginsa a toshe, a tsakiya ga wani ƙaton tsoho zaune a kan shimfiɗar da ba a ɗaga ba tun shigarsa, gashinsa ya sauka har ƙasa, hularsa ta yi baƙi ƙirin da maiƙo. Ya daka tsawa, "Tsaya daga nan, ɗan Adam!" Barmo bai tsaya ba. Yana matsowa sai wani wari ya shiga hancinsa, ya tsaya cak. Tsohon man shanu ne a tandu, da ɗan warin busasshiyar ciyawa. Ya san shi. Warin cinyar kakansa Nagoma ne, inda yake ɗora kai yana yaro ana koya masa riƙon aska, kuma Nagoma ya ƙara shekara ashirin a duniya da wannan warin, lafiya lau, yana cin tuwonsa.

Ƙandamu ya ce da murya mai rauni, "Ka ji, ko? Sauran duk sun yamutsa fuska. Ruɓewa nake yi da raina, shi ya sa na ɓuya."

Barmo ya ce, "Ranka ya daɗe, na ji. Kakana haka yake, ni ma an ce haka nake. Ka ba ni izini in duba."

Ya cire hular, ya aske gashin, ya shafa ƙeyar tsohon da bayan kunnensa, ya ji maiƙo ya kwanta a wurin kamar a gindin tukunya. Nan take idonsa na wanzami ya gane abin da tsoro ya hana shi ganewa: maiƙo ba ya bin ruwan sanyi. Ya sa aka kawo ruwan ɗumi da sabulun salo da soso mai laushi. Ya wanke ƙeya da bayan kunne, ya wanke ƙirji da gadon baya da hammata da duk inda fata ta naɗe, ba da dirza ba, da haƙuri, ya tsane shi sarai. Ya sa aka buɗe tagogi, aka fitar da shimfiɗa rana, aka dafa hula da riga a ruwan toka, aka kawo wankakku. Kafin la'asar Sarauniya Marjanatu ta shigo, ta durƙusa ta rungumi mahaifinta, ta daɗe fuskarta na wuyansa. Tsohon ya fashe da kuka har hasumiya ta girgiza.

Da suka koma fada, sarauniya ta ce, "Jikan Nagoma, hannunka ya riga bakina ba ka amsa. Babu aljanin da ya taɓa ka, babu kabarin da ke kiranka, jariran da ka aske kuma lafiyarsu ƙalau. Man da Allah ya sa a fatar bayinsa yana sauya hali in shekaru suka tura, ya kama tufa ya ƙi saki, mai shi kuwa ba ya ji don hancinsa ya saba. Abin da ka yi wa mahaifina ka riƙa yi wa kanka kullum. Kada riga ta kwana biyu a jikinka. Ka yawaita shan ruwa, ka rage maiƙo a abinci, ka riƙe zogale da rama, ka riƙa taka ƙafa. Turare kuwa bayan wanka ne, kaɗan. Ba zai tafi gaba ɗaya ba, amma zai kwanta. Sai dai in wata rana wari ya sauya farat ɗaya, ya koma kamar na fitsari ko na ruɓaɓɓen 'ya'yan itace, wannan ba na shekaru ba ne, ka nemi masanin magani."

Barmo ya ji kamar an sauke masa dutsen niƙa daga ƙirji. Ya yi sujada ya gode wa Allah, ya tashi yana dariya hawaye na bin gemunsa. Sarauniya ta sa wani aljani ya ɗauke shi, kafin ƙiftawar ido ya dire shi a ƙofar gidansa, ranar kwana na talatin da tara. Ya zayyana wa Gwamma komai. Ba ta bari ya gama ba ta hura wuta ta ɗora ruwa, ta kwaso rigunansa da matashinsa ta zuba a tukunyar toka.

Washegari ya shiga fada cikin farar riga mai ƙamshin rana. Ya ba da labarinsa tun daga rijiya har hasumiya. Maitsani ya matso ya shinshina ta dama, ya shinshina ta hagu, bai ji komai ba, ya sulale ya koma bayan ginshiƙi. Sarki ya ɗaga hannu ya sallami fada, ya rage daga shi sai Barmo. Sa'an nan ya warware rawaninsa a hankali, ya ce, "Barmo, matso ka ji. Ni ma an daɗe ana ƙara turaren wuta in na shigo, ba wanda ya faɗa mini dalili. Da boka ya yi magana na ce shi ke nan, kiran ya riga ya kama ni. Kwana arba'in ina shirin barin duniya, har likkafani na sa an ɗinka."

Barmo ya sunkuya ya shaƙi ƙeyar sarki, ya ɗago ya ce, "Allah ya ja zamaninka, a ninke likkafanin a ajiye. Tsufa ne kawai muka yi, ni da kai."

Sarki Hamdanu ya yi ajiyar zuciya mai tsawo, ya kwashe da dariya har dogarai suka leƙo. Ya tabbatar wa Barmo da zuriyarsa sarautar aska, ya sa aka yi shela cewa duk gidan da ke da tsoho, a ɗumama masa ruwa a shanya masa shimfiɗa, kada a guje shi. Su biyun kuwa Allah ya ƙara musu shekaru masu yawa cikin lafiya. Allah ya sa mu tsufa da mutuncinmu, ya haɗa mu da mai faɗa mana gaskiya da taushin baki.