Aljanin da Ya Ɓace a Rigar Sarki

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, tun aljanu na kwana a bakin kasuwa, an yi wani sarki mai suna Barmo a birnin Kandarma, garin da ba a san shi da komai ba kamar ɗinkin manyan riguna. Da aka sa ranar auren 'yarsa tilo, Gimbiya Yalwa, sai ya umarci Sarkin Ɗinki Ɗantani ya yi masa rigar da ba a taɓa ganin irinta ba, da zaren tsamiya, wato silikin da ake samu daga gidan tsutsa a jikin itacen tsamiya.

To, maɗinkan birnin suna da wata al'ada tun kakanni. Duk wanda ya ɗinka dagi, wannan ƙullin ado mai sarƙe da juna, sai ya bar 'yar kafa guda bai rufe ba, su ce ƙofar zare ke nan. Ɗantani kuwa mutum ne mai ji da kansa, ga shi ya tsufa, idonsa ya soma gazawa, ya san wannan ce rigarsa ta ƙarshe. Ya ce shi ba zai bar giɓi a ƙirjin sarki ba. Ya rufe dagin ruf.

Ranar da sarki ya gwada rigar, wayyo, gari ya rikice. Mai zuwa rijiya sai ya tsinci kansa a marina. Liman ya nufi masallaci ya ɓulla mahauta. Ayarin ango ya yi ta zaga ganuwa, ƙofa ta gagara. Mafi muni, Gimbiya ta fito daga ɗakinta za ta gai da mahaifinta, ba ta iso ba. Ana jin muryarta bayan bango tana kira, "Baba, ga ni nan, ina kuke?" In an bi hagu muryar ta koma dama. Kullum sai ƙara disashewa take, don wanda aka aika da ruwa ma ba ya isa.

Sarki ya tuɓe rigar, ba abin da ya sauya, ya mayar. Ya aika a kira bokaye, 'yan aiken ma suka ɓace. Yana zaune yana hawaye a gaban fadawa, sai ga Ɗantani ya faɗo zaure da ƙunshin kaya a ka. Guduwa ya tashi yi daga garin, ƙafa ta kawo shi fada.

Bai gama faɗuwa gaisuwa ba, aka ji wata siririyar murya daga ƙirjin sarki: "Bayin Allah, don girman Allah ina mafita? Ni aljani ne, barci nake a tsamiyata, na farka na gan ni cikin zare. Nan na bi ɗazu, ko kuwa can ne? Ni dai ban yi nufin cutar kowa ba, amma muddin ban gane hanyata ba, ba mai gane tasa."

Sarki ya dubi Ɗantani ya ce, "Ya kai shugaban maɗinka, me ka aikata mana?"

Ɗantani ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙofar zare na rufe. Zare guda na bi tun daga wuya har aljihu, in na yanka wuri ɗaya duka zai warware, kuma idon da zan sake wata babu shi."

Daga bayan bango Gimbiya ta ce, "Baba, ƙishirwa."

Ɗantani bai jira izini ba. Ya zaro aska, dogarai suka zabura kansa, suka tsinci kansu a barga. Ya lalubi ƙirjin sarki da yatsa har ya taɓa ɗinkin ƙarshe, ya yanke. Zare ya shiga warwarewa fir-fir, ado na zuba ƙasa, aljani ya fice ta taga yana ta godiya. Sai ga Gimbiya ta ɗaga labule ta shigo, ashe taku kaɗan ne tsakaninsu. Sarki ya rungume ta, shi ya ba ta ruwa da hannunsa.

Ango ya sami ƙofa, aka ɗaura aure, sarki sanye da rigar nan fara fat, ba komai a jikinta sai hujin allura. Baƙi suka yi ta raɗa suna mamakin sarki da riga ba ado. Ɗantani na gefe da tulin zare a cinya. Ba ya ganin rigar sosai, amma da sarki ya zo wucewa sai ya miƙa hannu ya shafa ƙirjinta, yatsansa na bin hujin, yana zaga dagin da babu shi.