Gonar Da Ta Riga Kowa Nuna

Ya 'yan uwa, tunda Allah ya nufe mu da ganin kaka lafiya, rumbuna sun cika, bari in ba ku labarin da za ku tafi da shi gida.

An yi wani mutum a wani ƙauye can gefen Matankari. Ba zan faɗi sunansa ba, yana da 'ya'ya. Mutum ne mai gonaki da shanu, ba ya rasa sahun farko a masallaci, kowa na ganin girmansa.

Wata shekara, bayan shuka ta kai gwiwa, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ambaliya ta kwashe shukar, ta rushe rumbunan da ke kwari. Na mutumin nan kaɗai ya tsira, don a kan tudu yake. Damina ta yi nisa, ga shi babu iri a hannun kowa. In ba a sake shuka ba, yunwa ce ke jiran garin.

Sai Allah ya kawo wata ƙungiyar agaji daga Dogon Dutsi. Suka zo da tabarmi da gidan sauro da magani, suka kuma kawo buhunan irin gero mai saurin nuna, wanda ke riga geronmu na gida da kusan wata guda. Ma'aikacinsu, Abdulmajid, ya tara mutane ya ce:

"Wanga iri a raba ma kowa, ku shuka shi tare. In ya nuna tare, tsuntsu ba ya iya muku komi."

Aka ce wa za a damƙa wa rabon? Gari duka ya nuna mutumin nan. Aka ba shi mabuɗin mangazar da aka tara buhunan.

Nan Shaiɗan ya zauna masa a kunne. Ya ce masa gero ai gero ne, wa zai bambanta? Ka shuka mai saurin kai kaɗai, ka girbe lokacin da kowa ke cikin yunwa, kasuwa ta zama taka. Ran kasuwa, gari ya watse, mutumin ya rufe ƙofa ya juye irin ƙungiya, ya kwashe geron rumbunsa tas ya cika buhunan da shi, ya ɗinke.

Washegari ya yi rabo yana ta murmushi, ana ta sa masa albarka. Wata tsohuwa mai riƙon marayu, Hamsatu, ta murza ƙwayar a tafin hannu ta ce:

"Malam, wanga kamar geronmu na gida."

Ya ce, "Inna, idonki na ya tsufa."

Ta yi dariya ta ce haka ne, ta ɗauki rabonta.

Kowa ya shuka. Shi ma ya shuke gonakinsa duka da irin amana. Ya san sarai geron da ya ba mutane ba zai kai ba in ruwa ya ɗauke da wuri. Ya sani, ya kuma ci tuwonsa ya ƙoshi.

To, ya 'yan uwa, ana ɓoye buhu a ɗaki. Wa ya taɓa ɓoye gona?

Geron mutane na kore shar bai ko yi ciki ba, nasa ya fid da kai, ya yi ido, ya fara nuna. Duk mai wucewa sai ya tsaya ya riƙe haɓa. Babu wanda ya tambaye shi, gonar ta riga ta ba da amsa.

Sannan tsuntsayen nan jan-baki suka iso. Kun san su, in gonaki sun nuna tare, su ɗan taɓa nan su ɗan taɓa can, ba wanda zai ji a jikinsa. A wannan karo duk faɗin karkarar gona ɗaya ce ke da abinci. Suka sauka kamar hadari. Mutumin ya ɗaura gwangwanaye a igiya, ya kafa mutum-mutumi, ya yi ihu har muryarsa ta dushe. Ya nemi maƙwabta su taya shi kora, kowa ya ce yana da noma. Kafin a ce me, zangarniya ta koma soshiya, ko ƙwaya babu.

Su kuwa waɗanda ya cuta, Allah bai manta da su ba. Ya tsawaita damina a shekarar fiye da yadda aka saba, geron gida ya kai, ya yi albarka. Lokacin da ya nuna ko'ina, tsuntsu ya rasa inda zai fara. Marayun Hamsatu suka sha fura har da ta kyauta.

Mutumin nan fa? Rumbu wayam, da hannunsa ya kwashe shi. Gona wayam. Aka karɓe mabuɗin mangaza. Ya sayar da shanu ɗaya bayan ɗaya don ciyar da gida. Wanda gari ya ba amanar abincinsa, ya zama ko takalmi ba a bar masa tsaro a ƙofar masallaci.

Da aka zo fid da zakka, aka duba mabuƙatan gari, sai ga shi cikinsu. Hamsatu da kanta ta ɗauko dami a ka, ta dire a ƙofar gidansa, ta ce:

"Malam, ga zakkar irin da ka ba mu. Ido nau ya tsufa, amma geronka ya yi kyau."

Ya karɓa, don yara na jin yunwa. Bayan kaka ya ce zai tafi ci-rani, har yau bai dawo ba.

Ya 'yan uwa, kwaɗayi mabuɗin wahala. Kayan agaji ba na mai mabuɗi ba ne, na wanda ruwa ya ci ne. Da mutumin nan ya raba irin, da ya girbi nasa tare da kowa, rumbunsa na nan, mutuncinsa na nan. Ya so ya ƙoshi shi kaɗai, sai tsuntsu ya same shi shi kaɗai.

Allah ya saka wa masu agaji da alheri, ya sa albarka a abin da muka girba. Allah ya kiyaye mu da cin amanar wanda masifa ta faɗa wa. Amin.