Addu'ar Da Ta Sa Mai Bina Bashi Ya Tuna Da Ni

Shehinmu, Allah Ya ƙara masa yarda, kogin ilimi ne, mai tsantseni da zuhudu, wanda likita da mai gadi ke gurfana sahu ɗaya a majalisinsa na unguwar Abu Hamur da ke Doha. Amma ni Mu'azu ina da ƙorafi a kansa, kuma yau sai na amayar.

Kafin annoba na karɓi motocin haya bashi, na ajiye cak na banki a matsayin jingina, ina yawo cikin farar jallabiya da turaren udu har ana kirana Balarabe. Korona ta rufe Doha, cak ya dawo babu ko sisi, kotu ta hana ni fita ƙasar, kurkuku na leƙo ni, ga auren 'yata Muhsina a Zariya an ɗaga har dangin ango sun fara gunaguni.

Na durƙusa gaban Shehi na ce, "Allah gafarta Malam, alfarmar ƙarama ce: a roƙi Allah Ya sa mai motocin nan ya manta da ni."

Ya yi murmushi ya ce, "Za mu roƙa ya tuna da kai. Kai kuma ka je asusun zakka na masu bashi ka faɗi gaskiyarka."

Ni? Da turarena? Na je dai, na bi layi na ja takunkumi har ido, ranar da na fara gode wa korona ke nan. Ana haka Gana ta fitar da Najeriya daga zuwa Kofin Duniya da za a buga a nan ƙasar, na koma wa Shehi da kuka biyu, sai ya ce, "Waɗanda suka sa ka kuka su za su share maka hawaye."

Gab da gasar mai motoci ya kira ni. Na yi bankwana da abokai, na tafi da asuwakina saboda zaman kaso, sai ya miƙo mini makullin bas. "Yalla, yi maza! 'Yan kallo ne daga Zangon Kumasi na Gana, Hausa suke ji, kai kaɗai ka faɗo mini a rai."

Jagoransu Alhaji Masahudu kullum ya shigo sai ya dafa ni: "Direba, yau a wane fili Najeriya za ta buga?" Na haɗiye, na ja mota.

Ladan tuƙin ya ci wani ɓangare na bashin, asusun zakka ya biya wani, mai motoci ya yafe ragowar, ya janye ƙara, ya ce, "Kalas, magana ta ƙare." Na koma Zariya, ni da kaina na ba da auren Muhsina, cikin babbar rigar da Masahudu ya ba ni.

Tsarki ya tabbata ga Wanda Ke karrama bayinSa salihai. Allah Ya ja kwanan Shehi, Ya sa mu cikin albarkarsa, Ya warware wa duk mai bashi. Amma Malam, in za a sake ceto na, don Allah kada a biyo ta Gana.