Baran da Ya Zauna Jiran Rumbu

Akwai wani manomi da tafiya ta kama shi a lokacin kaka. Ya kira baransa ya ba shi umarni huɗu bi da bi: ya gina sabon rumbun ƙasa, ya ɗaure dawar da aka girbe, ya yi wa rumbun jinka, sa'an nan ya zuba hatsin a ciki.

Baran nan mutum ne mai tsoron kuskure. Ya kwaɓa ƙasa, ya ɗora sahu na fari. Amma ginin rumbu ba ya son gaggawa, sai sahu ya bushe ake ɗora wani. Sai ya zauna a gindinsa yana jira, gama a ganinsa taɓa aiki na biyu kafin na fari ya ƙare rashin biyayya ne. Dawa kuwa tana zube a gona, gara ta soma cinta.

Da matarsa ta dawo daga itace ta faɗa masa abin da ta gani, ya amsa cewa hannunsa a ɗaure yake. Ta ce, "Maigida, ƙasa ce take bushewa, ba kai ba. In ka ci gaba da gadinta, rumbun zai ƙare ba abin zubawa."

Can ya ɗauko faifai, ya jera curin ƙasa, da zangarniyar dawa, da ciyawa, da ƙwayar hatsi, kowanne a madadin aiki ɗaya, bi da bi yadda aka faɗa masa. Kowace safiya yakan duba faifan ya ga wane aiki ne ba ya jiran kome, ya kama shi. Ya ɗaure dammuna ya jibge su a kan rumfa, ya saƙa jinka ya jingine ta. In sahu ya bushe, ya koma ya ɗora wani.

Da ginin ya kai sama, matar ta ce a zuba a huta. Ya taɓa bangon, ya ji sanyi. Ya ce, "A'a, uwargida. Ɗanyen rumbu ruɓar da hatsi yake yi. Zubawa tana da ranarta." Ya jira har bango ya bushe, ya ɗora jinka, ya zuba. Manomin ya komo ya tarar da abincin gidansa, sai ɗan abin da gara ta riga ta ci.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Manomin Ubangiji ne, baran kuwa mu ne. Faifan shi ne zuciyar da take riƙe umarninsa duka. Masu ƙera kwamfuta ma haka suke tsara cikinta: umarnai sukan taru a wani ma'aji, wanda ya shirya a fara yin sa, amma ba a fitar da sakamako sai bisa jerin da aka bayar.

Wani a cikinmu yana jiran amsar addu'a ɗaya, ya kuwa ajiye gafara, da ziyarar marasa lafiya, da sulhu da ɗan'uwansa, wai sai ta zo. Kada ka zuba kafin lokacin Allah, amma kada ka zauna. Tashi ka duba gonarka, gama gara ba ta jiran rumbu ya bushe.